Niels Bohr (1885–1962): Masanin da Ya Bayyana Sirrin Tsagewar Cibiyar Zarra

1.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin rayuwar Niels Henrik David Bohr, masanin fiziks ɗan ƙasar Denmak, wanda ake lissafawa cikin jiga-jigan malaman kimiyya na ƙarni na ashirin. Galibin ɗalibai sun san shi ne ta hanyar hoton ƙwayar zarra da ke cikin littattafan sakandare, inda ake zana cibiya a tsakiya, ilektiron suna kewaya ta. Sai dai akwai wani aikin nasa da bai kai wancan shahara ba, alhali ya fi shi tasiri a rayuwar al'ummar duniya. A shekarar 1939 shi ne ya gano dalilin da ya sa wasu sinadarai masu nauyi suke tsagewa cikin sauƙi idan niyutiron ya shige su, wasu kuwa su ƙi, duk da kusancin da ke tsakaninsu. A kan wannan bayani aka gina tashoshin nukiliya masu ba da wutar lantarki, a kansa kuma aka ƙera makaman ƙare dangi. Za a dubi asalinsa da karatunsa a taƙaice, sannan a tsaya a kan wannan aiki da abin da ya jawo masa a sauran rayuwarsa.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Niels Bohr a birnin Kofanhegan ranar 7 ga Oktoba, 1885. Mahaifinsa, Christian Bohr, farfesa ne na ilimin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Kofanhegan. Mahaifiyarsa kuwa, Ellen Adler, ta fito ne daga wani gidan Yahudawa da ya yi fice a harkar banki. Su uku iyayensu suka haifa: yayarsa Jenny, sai shi, sai ƙanensa Harald, wanda ya zama shahararren masanin lissafi. 'Yan'uwan biyu maza sun taso da son ƙwallon ƙafa. Niels ya yi tsaron gida a wata ƙungiya ta birninsu, Harald kuwa har ya buga wa ƙasarsa wasa a gasar Olamfik ta 1908.

Ya shiga jami'a a shekarar 1903. A lokacin jami'ar ba ta da ɗakin gwaje-gwajen fiziks, don haka a ɗakin gwajin mahaifinsa ya gudanar da bincikensa na farko. Binciken ya shafi ƙarfin nan da ke riƙe saman ruwa kamar fata, wanda ke sa ɗigon ruwa ya dunƙule. Aikin ya ciyo masa lambar zinare ta Majalisar Masana Kimiyya ta Denmak. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na ɗigon ruwa, domin bayan fiye da shekara talatin Bohr ya sake komawa gare shi. Ya sami digiri na biyu a 1909, na uku kuma a 1911.

3.0 Fasalin Ƙwayar Zarra

A ƙarshen 1911 ya tafi Ingila ƙaro ilimi. Ya fara sauka a Kambirij wurin J. J. Thomson, wanda ya gano ilektiron, amma bai sami yadda yake so ba. A farkon 1912 ya koma Manchesta wurin Ernest Rutherford, wanda bai daɗe da nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya da ke tsakiyarta ba. A watan Agusta na wannan shekara ya auri Margrethe Nørlund, wadda ta zama abokiyar shawararsa, kuma mai rubuta masa da yawa daga cikin takardunsa. Sun haifi 'ya'ya maza shida, biyu daga ciki sun riga iyayen rasuwa.

A 1913 ya wallafa maƙaloli uku da suka nuna cewa ilektiron ba ya zama ko'ina ya ga dama a kewayen cibiya, yana da keɓaɓɓun matakai, kuma idan ya sauko daga mataki na sama zuwa na ƙasa sai ya fitar da haske mai wani launi na musamman. Wannan ya bayyana layukan hasken haidirojin da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai. An naɗa shi farfesa a Kofanhegan a 1916, ya buɗe tsangayar nazarin fiziks a 1921, ya kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a 1922. Tsangayar ta zama matattarar matasan masana daga ƙasashe daban-daban, irin su Werner Heisenberg da Wolfgang Pauli da George Gamow da Lev Landau. Abin da aka fi sanin wurin da shi shi ne 'yancin muhawara. Ƙaramin ɗalibi yana iya ja da malamin a gaban jama'a, shi kuwa ya saurara, ya sake tunani.

4.0 Daga Niyutiron zuwa Tsagewar Cibiya

Cibiyar zarra ta ƙunshi abubuwa iri biyu: furoton, masu cajin lantarki, da niyutiron, waɗanda ba su da caji. James Chadwick ne ya gano niyutiron a 1932. Da yake ba shi da caji, babu abin da ke tunkuɗe shi daga cibiya, saboda haka ya zama makami mai kyau na bincike. A 1934 Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Rum suka bi sinadarai ɗaya bayan ɗaya suna harbin su da niyutiron, suka kuma gano cewa niyutiron da aka rage wa gudu ya fi saurin shiga cibiya. A 1936 Bohr ya ba da bayanin abin da ke faruwa: niyutiron da ya shiga yakan raba kuzarinsa ga dukkan mazauna cibiyar, ta ɗauki zafi tana makyarkyata kamar ɗigon ruwa, sai daga baya ta fitar da kuzarin ta wata hanya.

A watan Disamba na 1938, Otto Hahn da Fritz Strassmann a Balin suka tarar da sinadarin bariyum a cikin yuraniyum da aka harba da niyutiron. Abin ya ba su mamaki, domin nauyin bariyum bai wuce rabin na yuraniyum da kaɗan ba. Hahn ya rubuta wa abokiyar aikinsa Lise Meitner, wadda ta tsere daga Jamus a watan Yuli saboda asalinta na Yahudawa, ta sami mafaka a Suwidin. Ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch, wanda ke aiki a tsangayar Bohr, suka yi amfani da misalin ɗigon ruwa suka fahimci cewa cibiyar yuraniyum tsagewa take yi gida biyu, tana fitar da kuzari kimanin MeV 200. MeV ma'auni ne na kuzari, yana nufin ilektiron-bolt miliyan ɗaya, alhali ƙonewar zarrar gawayi guda ba ta ba da fiye da 'yan ilektiron-bolt kaɗan.

Frisch ya shaida wa Bohr labarin a farkon Janairu na 1939, ana saura kwanaki kaɗan ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka. Ya isa New York ranar 16 ga watan. Labarin ya bazu tun kafin maƙalar Meitner da Frisch ta fito, ta bakin abokin tafiyarsa Léon Rosenfeld, wanda bai san sirri ba ne. Bohr ya shafe makwanni yana rubuce-rubuce da aika saƙonni domin kada a tauye wa mutanen biyu haƙƙinsu na riga kowa fahimtar al'amarin.

5.0 Bambancin Sinadarai Masu Nauyi

5.1 Ma'anar Faɗin Hari

Kafin a fahimci gudummawar Bohr, wajibi ne a san ma'aunin da masana ke amfani da shi. Idan maharbi ya rufe ido yana ta sakin kibau zuwa bango, yawan kiban da za su sami faifan da aka rataye ya dogara ne ga faɗin faifan. Haka masana ke auna yiwuwar niyutiron ya tsaga cibiya: sai su ƙaddara cibiyar tana da wani faɗi, wanda a nan za a kira faɗin hari. Ana auna shi da barn, kuma barn ɗaya ya yi kusan daidai da ainihin faɗin cibiya mai nauyi. Abin lura shi ne faɗin hari ba girman cibiya na zahiri ba ne. Yana canzawa gwargwadon gudun niyutiron da kuma irin cibiyar, har ya kan ninka girman zahiri sau ɗaruruwa, ko ya ragu ya zama kamar babu.

5.2 Tambayar Placzek

A farkon Fabrairu na 1939, Bohr yana karin kumallo a Princeton, sai masani George Placzek ya kawo masa ƙalubale. Gwaje-gwaje sun nuna cewa yuraniyum da toriyum duka suna tsagewa da niyutiron mai gudu sosai. Amma da niyutiron mai tafiyar hawainiya, yuraniyum kaɗai ke tsagewa, toriyum ba ya yi. Bugu da ƙari, akwai wani matsakaicin gudu inda yuraniyum ke haɗiye niyutiron da yawa ba tare da ya tsage ba. In dai misalin ɗigon ruwa gaskiya ne, me zai sa sinadarai biyu maƙwabta su saɓa haka? Bohr ya tashi ya nufi ofishinsa a ƙasa, ya tsaya gaban allo yana zana jadawalin faɗin hari, kafin yini ya ƙare ya sami amsa.

5.3 Amsar Bohr

Amsar ita ce yuraniyum na cikin ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Kusan kashi 99.3 cikin ɗari yuraniyum-238 ne, sai kimanin kashi 0.7 yuraniyum-235, wanda Arthur Dempster ya gano a 1935. Dukansu furoton 92 gare su, a yawan niyutiron suka bambanta. Bohr ya ce yuraniyum-238 halinsa ɗaya da toriyum-232, wato sai niyutiron mai gudu ke tsaga shi, kuma shi ne mai haɗiye niyutiron a matsakaicin gudu. Tsagewar da ake gani da niyutiron mai tafiyar hawainiya kuwa, aikin ɗan ƙaramin kason nan ne na yuraniyum-235. Maƙalarsa a kan haka ta fito a mujallar Physical Review ranar 15 ga Fabrairu.

Dalilin ya ta'allaƙa ne ga cika da mara. Niyutiron a cikin cibiya sun fi natsuwa idan suna bibbiyu. Yuraniyum-235 yana da niyutiron 143, wato mara, akwai guda da ba shi da abokin zama. Idan baƙo ya shigo sai su zama 144, a sami cika, kuma wannan haɗuwa tana sakin kuzari kimanin MeV 6.5. Shingen da cibiyar ke bukatar tsallakewa kafin ta tsage bai kai MeV 6 ba, saboda haka ko niyutiron ya shigo da rarrafe, kuzarin ya isa. Yuraniyum-238 kuwa niyutiron 146 gare shi, kowa da abokinsa. Baƙon da ya shigo shi kaɗai zai zauna, kuzarin da za a samu bai wuce MeV 4.8 ba, alhali shingen ya kai kimanin MeV 6. Dole niyutiron ya zo da cikon a cikin gudunsa, wato sama da MeV ɗaya. Toriyum-232, mai furoton 90 da niyutiron 142, shi ma haka yake.

Daga nan Bohr da matashin masani John Wheeler suka zurfafa binciken. Sun nuna cewa abubuwa biyu ke kokawa a cikin cibiya: ƙarfin da ke dunƙule ta kamar fatar ɗigon ruwa, da tunkuɗar junan da furoton ke yi saboda cajinsu iri ɗaya ne. Idan aka ninka yawan furoton da kansa, aka raba da jimillar furoton da niyutiron, adadin da aka samu shi ke nuna wanda ke rinjaye. Muddin adadin yana ƙaruwa, shingen yana gajarta, tsagewa tana ƙara sauƙi. Maƙalarsu ta fito ranar 1 ga Satumba, 1939, ranar da Jamus ta afka wa Polan, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

5.4 Tabbatar Hasashen

Ba kowa ya yarda da Bohr ba da farko. Fermi ya yi shakka, Placzek ma har ya yi fare da Wheeler cewa bayanin ba zai tabbata ba. A farkon 1940 Alfred Nier ya tace ɗan mitsitsin yuraniyum-235, John Dunning da abokansa a Jami'ar Columbia suka gwada shi a watan Maris, sakamako ya fito kamar yadda Bohr ya faɗa. A wannan shekara Louis Turner ya bi ƙa'idar ya yi hasashen cewa sinadari mai furoton 94 da niyutiron 145 shi ma zai tsage da niyutiron mai tafiyar hawainiya. Wannan shi ne fulutoniyum-239, kuma Glenn Seaborg da abokansa sun tabbatar da haka a Berkeley a 1941. Yuraniyum-233, mai niyutiron 141, shi ma ya bi sahu.

Alƙaluman da aka auna daga baya sun fito da tsarin fili. Da niyutiron mai tafiyar hawainiya, faɗin harin tsagewa ya kai kimanin barn 530 ga yuraniyum-233, 585 ga yuraniyum-235, 750 ga fulutoniyum-239, da kimanin 1,000 ga fulutoniyum-241. Duk waɗannan masu niyutiron mara ne. Na yuraniyum-238 da toriyum-232 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na barn ɗaya ba. Da niyutiron mai kuzarin MeV 2, tazarar takan tsuke, sai tsari na biyu ya bayyana: kimanin barn 0.1 ga toriyum-232, 0.5 ga yuraniyum-238, 1.3 ga yuraniyum-235, da kusan 2 ga fulutoniyum-239. Wannan jeri ya yi daidai da ƙaruwar adadin da Bohr da Wheeler suka nuna.

Duk da haka, misalin ɗigon ruwa bai warware komai ba. Ya kasa bayyana dalilin da ya sa cibiyar yuraniyum ke tsagewa gida biyu marasa daidaito, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Sai da aka fahimci tsarin matakan cikin cibiya daga 1949, sannan Vilen Strutinsky ya haɗa ra'ayoyin biyu a shekarun 1960. Ɗan Bohr, Aage, yana cikin waɗanda suka ciyar da fannin gaba, shi ma ya sami lambar Nobel a 1975.

6.0 Shekarun Yaƙi

Bohr ya fahimci cewa bayaninsa ya nuna hanyar ƙera bom, amma ya ɗauka raba yuraniyum-235 daga 238 aiki ne da ba zai yiwu ba sai an mayar da ƙasa guda masana'anta. Ya koma gida, kuma a watan Afrilu na 1940 Jamus ta mamaye Denmak. Ya ƙi barin tsangayarsa, wadda tun daga 1933 ta zama mafakar masanan da suka gudo daga mulkin Nazi. A Satumba na 1941 tsohon ɗalibinsa Heisenberg, wanda ke cikin jagororin shirin nukiliyar Jamus, ya ziyarce shi. Ganawar ta ƙare da rashin jituwa, amincin da ke tsakaninsu bai koma kamar da ba.

A ƙarshen Satumba na 1943 ya sami labarin za a kama shi, sai ya tsallaka teku cikin dare zuwa Suwidin. A can ya roƙi hukumomi, har da Sarki Gustaf na Biyar, su bayyana a fili cewa za su karɓi Yahudawan Denmak. Fiye da mutum 7,000 ne suka tsira ta wannan hanya a makwannin da suka biyo baya. Daga nan aka ɗauke shi a jirgin saman yaƙi zuwa Birtaniya, ya suma a hanya saboda ƙarancin iska. Daga bisani ya isa Los Alamos a Amurka da sunan aro, Nicholas Baker, ya tarar abin da yake ganin ba zai yiwu ba ana cikin yin sa.

Abin da ya fi damunsa shi ne makomar duniya bayan yaƙi. Ya hango cewa ilimin ba zai ɓoyu ba, kuma idan aka ɓoye wa Tarayyar Sobiyet, tseren makamai zai biyo baya. Ya gana da Winston Churchill a watan Mayu na 1944, ba a saurare shi ba. Ya gana da Franklin Roosevelt a watan Agusta, ya sami tarba mai kyau, amma a watan Satumba shugabannin biyu suka yi watsi da shawararsa, har suka ba da umarnin a sa masa ido. A Agusta na 1945 aka jefa bom na yuraniyum-235 a Hiroshima, da na fulutoniyum-239 a Nagasaki. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bom, hasashensa ya tabbata.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koma Kofanhegan a Agusta na 1945. A watan Yuni na 1950 ya aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kira ga ƙasashe su buɗe wa juna ƙofofin ilimi da masana'antunsu, domin a ganinsa ɓoye-ɓoye shi ke haifar da zargi da tsoro. Ya taimaka wajen kafa hukumar binciken nukiliya ta Turai, CERN, kuma a 1957 ya zama mutum na farko da aka bai wa lambar yabo ta amfani da zarra don zaman lafiya. Ya rasu a gidansa da ke Carlsberg, Kofanhegan, ranar 18 ga Nuwamba, 1962, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 77. A 1965 aka sa wa tsangayarsa sunansa, haka kuma sinadari na 107, boriyum, sunansa ya ci.

8.0 Kammalawa

Bambancin da Bohr ya gano shi ne har yau ke tafiyar da harkar nukiliya. Shi ya sa ake tace yuraniyum zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari domin yawancin tashoshin lantarki, ake kuma amfani da ruwa ko girafait wajen rage gudun niyutiron. Shi ya sa duniya ke sa ido ga duk ƙasar da ta matsa tacewa zuwa kashi 90. Yuraniyum da aka fara haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971 yana ɗauke da kason nan na 0.7 kamar na ko'ina. Na'urar bincike ta nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, an sauya mata makamashi a 2018 daga mai kimanin kashi 90 zuwa mai kimanin kashi 13, saboda wannan dalili.

Ga mai shirin zama malami, rayuwar Bohr tana ɗauke da darussa biyu. Na farko, babban aikinsa na 1939 ya faro ne daga tambayar wanda bai gamsu da bayaninsa ba, kuma bai ɗauki tambayar a matsayin raini ba. Na biyu, bai ɗauka aikin masani ya ƙare a kan allo ba. Da ya ga inda iliminsa ya dosa, sai ya bi shi har fadar masu mulki, duk da cewa ba su karɓi shawararsa ba.

Tambayoyin Bita

1. Kawo taƙaitaccen tarihin Niels Bohr daga haihuwarsa zuwa 1922.
2. Mene ne faɗin hari, kuma me ya bambanta shi da girman cibiya na zahiri?
3. Yi bayanin yadda cika da mara suka raba halin yuraniyum-235 da na yuraniyum-238.
4. Wace shawara Bohr ya bai wa Churchill da Roosevelt a 1944, kuma yaya ta ƙare?
5. Tattauna darussan da malamin makaranta zai koya daga yadda Bohr yake hulɗa da ɗalibansa.